Kwalbar da Ba Ta da Filasta

Jinin waye a cikin kwalbar nan da ba ta da filasta? Da wannan tambayar nake kwana, da ita nake tashi, tun shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki. Mutum ɗaya ne ya san amsar, shi ne mai gidana, kuma yana kwance a maƙabarta. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba yana raye. Malam nake ce masa, mutanen unguwa kuma suna ce masa Malam Mai Awo.

Ni sunana Yalwa, a Madabo nake zaune. Ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. Malama Bilki, ɗiyar ƙanina, ita ce take rubuta abin da nake faɗa, domin tana koyar da masu koyon aikin awon jini, kuma ta ce ɗalibanta suna dariya idan aka ce wankin kwalabe sana'a ne. To ku saurara, 'ya'yana. In kuka ji na yi shiru, kuka ne ya zo, ku yi mini haƙuri.

Wani likita ne yake da ƙaramin asibiti a wajen Koki, da ɗakin awo a bayansa. Malam ne mai awon. Abin da ya kai ni wurin, matan cikin gari ne. Mace ba za ta miƙa wa namiji fitsarinta hannu da hannu ba, ko da ciwon zai kashe ta. Sai ta zo har bakin ƙofa, ta ga Malam, ta juya da kwalbarta a cikin mayafi. Likita ya ce a nemo mace. Malam ya dawo gida ya ce, "Yalwa, ke ce dai." Na ce, "Ni? In bar ɗakina in je in karɓi fitsarin mutane?" Ya ce, "Ai kin wanke na 'ya'ya shida ba a biya ki ba." Dangina sun yi surutu, maƙwabta sun yi nasu, aka gaji aka bari. Na ware zani da riga na aiki daban, ba na sallah da su, ba na shiga gida da su.

Wankin farko da na yi, da toka da soso na yi shi, yadda nake wanke tukunya. Siraran kwalabe ne, tsawon ɗan yatsa da rabi. Na goge su suna ƙyalli, na jera, ina jiran yabo. Malam ya ɗauki guda, ya zuba ruwa, ya zubar, ya ɗaga ta saitin taga. Ya ce, "Zo ki gani." Sai ga ruwa ya maƙale a jikinta ɗigo-ɗigo. Ya ce, "Wannan ba ta wanku ba. Wankakkiyar kwalba ruwa sulalewa yake yi a jikinta, ba ya tsayawa. Kuma tokarki tana karce gilashi." Daga ranar na koyi aikin: a jiƙa tukuna, a sa siririn buroshi, a ɗauraye da ruwan famfo har sai hannu ya gaji, sannan a ƙarasa da tataccen ruwa wanda muke samu daga tururi, a kife su su bushe da kansu. Ba a sa tsumma a ciki. Ɗan ragowar sabulu da ido ba ya gani ya isa ya sa a ce wa mai lafiya ba shi da lafiya. Ku da kuke jefar da kwalbar roba bayan awo ɗaya, ba ku san wannan tsoron ba.

Karɓar fitsari ma aiki ne. Wata ta kawo a kwalbar turare. Wata hajiya daga Dala ta sa aka ɗauko mata jarka guda. Na ce, "Hajiya, ba wanka za mu yi da shi ba." Ta ce, "Yo na ga kuɗin awon da yawa, na ce bari in cika muku." Muka yi dariya har Malam ya leƙo ya ce mu rage murya.

Tun da ba na karatu, sai Malam ya ɗaura wa manyan kwalaben magani zare a wuya. Biyu daga ciki su ne labarina. Mai farin zare tana ɗauke da wani farin gari mai laushi, ba wari ba ƙamshi, sunansa kiriyatin. Dokarta ita ce kada ta ga ruwa: a rufe ta gam, a ajiye nesa da zafi da danshi, a ɗiba da busasshen cokali, kada a hura garin da baki ya shiga ido ko hanci, in ya shiga a wanke da ruwa mai yawa. Ba mugun abu ba ne, amma in ya jiƙe ya daɗe, sai ya rikiɗa ya zama wani abin daban. Mai shuɗin zare kuwa tana ɗauke da fikirik, wani abu mai ruwan ɗorawa, shi ya sa muke ce mata 'yar rawaya. Ita dokarta kishiyar ta farko ce: kada ta taɓa bushewa. Kullum sai ruwa ya rufe abin da ke ciki. Malam ya ce in ta bushe aka buga ta, ko aka murɗa murfin da ƙarfi, tana iya tashi da ɗakin duka. Ba a sa mata cokalin ƙarfe. Bayan an ɗiba, sai an goge bakinta da jiƙaƙƙen ƙyalle, kada wani ɓurɓushi ya bushe a ƙarƙashin murfi. Duba ruwanta aikina ne. Ta rina mini yatsu kafin a fara sayo mana safar hannu, har mata a gidan biki suna tambayata wane irin lalle ne wannan.

Na ce wa Malam, "Ɗaya ba ta son ruwa, ɗaya ba ta son bushewa, kuma a ɗaki ɗaya?" Ya ce, "Kamar ni da ke ke nan."

Abin da ya daɗe yana rikita ni shi ne sunaye. Akwai kiriyatin, akwai kuma kiriyatinin. Ni a kunnena abu ɗaya ne, sai dai na biyun an ja masa wutsiya. Wata safiya ina tona garwashin da na rufe da toka zan dama koko, Malam ya tsuguna kusa da murhun ya ce, "Kin ga wannan? Shi ne kiriyatin. Ƙoda da hanta ne suke haɗa shi, wani kuma muna samunsa a nama da kifi. Jini ya kai shi cikin tsoka ya ajiye. Idan mutum ya zabura zai ɗaga buhu, ko zai tsallake kwata, shi ne yake fara ba da wuta kafin itace ya kama." Na ce, "To mai wutsiyar fa?" Ya ɗebo toka da yatsa. "Ga shi. Kullum kaɗan daga garwashin yana zama toka. Ƙoda ce mai shara, tana kwashewa ta fitar a fitsari. In ƙoda ta gaza, toka ta taru a jini. Tokar nan muke aunawa."

Na ce, "Ƙodar da ta haɗa shi, ita ce kuma mai share shi?"

Ya ce, "Haka Allah ya tsara."

Ban gane sosai ba, har yau ma ban ce na gane ba. Sai na raɗa musu Uwa da 'Ya. Uwa ƙarfi, 'Ya toka.

Awon 'Ya, wato tokar nan, na gan shi sau ba adadi. A ɗebi jini, a sa a injin juyi har ruwansa ya rabu, a tace, a zuba ruwan 'yar rawaya, a ƙara ruwan soda mai cin fata, a jira. Da can da baki Malam yake zuƙo magani a bututun gilashi, har ran da soda ta taɓa masa leɓe ya yi kwanaki ba ya shan miya mai yaji, sannan aka sayo robar matsawa. Kada wanda ya kuskura ya sa bututu a baki, ko da an ce ruwa ne. In an jira, launi zai fito. Na mai lafiya ɗorawa ne da ɗan duhu kaɗan. In ƙoda ta fara gajiya, sai ya koma ruwan goro. In ta lalace, sai ya yi ja kamar manja. Malam yana sa kwalbar a akwatin duba launi, allura ta motsa, ya rubuta lamba. Ni lamba ba ruwana da ita. Amma duk kwalbar da ta gama aiki hannuna take zuwa, kuma kafin in zubar sai na kalla. In na ga ja, sai in ce Allah ya ba mai wannan lafiya. Kowace kwalba da guntun filasta a jikinta, an rubuta sunan mai jinin. Ɓare filastar nan shi ne farkon wanki.

Shekarar da nake faɗa muku, shekara ce mai wuya. An yi zaɓe, ana jiran rantsuwa, kowa a bakinsa in farar hula suka hau komai zai gyaru. Mu dai a ɗakin awo wuta ba ta zama, man janareto sai an sha layi, firij ya zama akwatin ajiya kawai. Sallar layya ta faɗo cikin tsananin zafi. Ruwan 'yar rawaya yana ja baya da sauri, ina ƙara mata fiye da yadda na saba.

Bayan sallar da 'yan kwanaki aka turo mana Ɗanjuma, wani mahauci, ƙato, wuyansa kamar turmi. Shi da abokansa suna ɗaga ƙarfe a gindin Dala, sun cika gwangwanaye da siminti sun soka musu sandar ƙarfe. Ciwon baya ya kai shi wajen Likita, aka ce a auna ƙoda. Kwalbarsa ta fito ruwan goro. Da ya ji an ce lamba ta hau, sai ƙaton nan ya zauna a ƙasa daɓas.

"Malam, mutuwa zan yi? Wallahi ko aure ban yi ba."

Malam ya ce, "Tsaya tukuna. Me ka ci jiya?"

"Nama."

"Shekaranjiya fa?"

"Nama. Malam, sallah ce fa, kuma ni mahauci ne. Ciyawa zan ci?"

"Ban da nama?"

Sai ya sunkuyar da kai, ya ce akwai wani gari da yake damawa da ruwa kafin ya ɗaga ƙarfe, wani ɗan kasuwa ne ya kawo musu. Ya aika aka ɗauko robar. Malam ya karanta jikinta ya yi dariya, ya miƙo mini ya ce, "Yalwa, ga Uwarki." Ashe kiriyatin ne, irin wanda ake yi don ci. Ya ce wa Ɗanjuma, "Kai ga tsoka, ga nama, ga gari. Gidan da ake hura wuta da yawa dole toka ta yi yawa, ko da mai shara lafiyarta ƙalau. Ka bar nama da garin nan na ɗan lokaci, ka sha ruwa, ka dawo mu sake, sannan Likita ya yanke magana." Ya tafi yana gunaguni wai an hana mahauci nama. Da ya dawo, launin kwalbarsa ya sauko. Yana cikin murna sai ya hango mai farin zare a kan kanta, ya ce a sayar masa, tun da abu ɗaya ne. Malam ya ɗaure fuska ya ce, "Na nan na awo ne, ba na ciki ba. Babu abin da ke fita daga ɗakin nan ya shiga bakin mutum."

A makon ne na fara ganin kwalbar. Na zo da safe na tarar Malam ya riga ni, har ya gama wani awo. A cikin kwandon wanki ga kwalba ɗaya, ja kamar manja, ban taɓa ganin mai duhunta ba. Na juya ta zan ɓare filasta, babu filasta.

Na ce, "Malam, wannan ta waye?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Irin ta Ɗanjuma ce. Naman layya."

Na ce, "Ta Ɗanjuma ba ta kai haka ba."

Ya ce, "Wanke, Yalwa, mutane na jira."

Na wanke. Aikina ke nan, in wanke har kada alamar komai ta saura.

Ku fahimce ni, ba a kansa zuciyata ta fara sauka ba. Malam yakan yi wa abokansa na masallaci awo a ɓoye, dattawan da ba sa son a rubuta sunansu a asibiti. Na ɗauka ɗaya daga cikinsu ne, har na riƙa kallon tsofaffin unguwa ina neman mai kumburin fuska. Amma kuma a gida, naman layyar da na soya Malam bai taɓa shi ba, ya ce warinsa yana tayar masa da zuciya. Takalminsa ya daina shigarsa, ya yanke bayan ya mai da shi silifa, ya ce zafi ne. Yana yawan susa. Yana hawa 'yar matattakalar asibiti yana hutawa. Duk na gani. Na ga kwalba, na ga mutum, ban haɗa su ba. Ko kuwa na haɗa na ƙi yarda? Wannan ma ban sani ba.

Kwalba marar filasta ta sake zuwa, ta kuma sake zuwa. Kowane zuwa da amsarsa. Yau ta wani bawan Allah ce. Gobe akwatin yake gwadawa. Ran nan na ga ya kasa buɗe murfin tataccen ruwa, sai na ce, "Malam, tun da Uwa ƙarfi ce, me zai hana a sayo maka irin ta Ɗanjuma ka riƙa damawa?" Ya dube ni ya daɗe, ya yi murmushi, ya ce, "A ƙara itace a gidan da mai shara ta kwanta?" Na ce, "Wace mai shara?" Ya ce, "Magana ce kawai." Kun ji fa. Da bakinsa ya faɗa, ni kuma na ci gaba da ɗauraya.

Ranar da ya faɗi, tsakar rana ce, yana tsaye gaban akwatin duba launi. Likita ya shigo da gudu, ya ɗebi jininsa, ya aika wani wuri aka auna. Da sakamako ya dawo, ya kira ni gefe ya ce, "Inna Yalwa, ƙodojinsa duka biyu sun tsaya. Ba yau abin ya fara ba. Sai dai wankin ƙoda." Ni kuwa da na ji wanki, sai na ji sanyi a raina, na ce, "Likita, ai wanki sana'ata ce. A nuna mini yadda ake yi." Ya kawar da kai. Ya ce na'ura ce take yi, kuma ba ko'ina ake samunta ba, zai nema mana hanya. Na tambaye shi kwalbar nan. Ya ce shi bai taɓa ganinta ba, Malam bai taɓa ce masa komai ba. Ya ce da an zo da wuri da an gwada wasu dabaru, sannan ya ce shi ma bai tabbata ba, rai na Allah ne.

To kun ga inda na tsaya. In jininsa ne, ya sani ke nan, ya zauna yana kallon ajalinsa yana ƙara ja a cikin gilashi, ya miƙo mini ina wankewa. Don me? Kada in tsorata? Kada Likita ya sallame shi? In kuma ba nasa ba ne, akwai wani bawan Allah da na yi ta yi wa addu'a ban san shi ba, kuma Malam, mai auna ƙodar gari guda, bai taɓa auna tasa ba. A bara kuma Bilki ta zo mini da amsa ta uku. Ta ce, "Inna, ƙila ma ba jini ba ne. In aka dafa garin mai farin zare da ruwan tsami na awo, yana komawa 'Yar. Masu awo suna haɗa mai ƙarfi don su gwada akwatinsu, shi ma ja yake yi, kuma ba sunan kowa a kai." Na ce, "Wato ƙila gaskiya ya faɗa mini?" Ta ce ƙila. Ta zo ta sauƙaƙa mini ne, sai ta ƙara mini wani kayan.

Bayan rasuwarsa na ci gaba da aikin shekaru, har aka kawo na'urar da ke yin komai da kanta, aka zo aka kwashe 'yar rawaya da ruwanta aka tafi da ita inda ake lalata irinsu. Ban bari ta bushe ba ko sau ɗaya. Ku riƙe wannan ko kun manta sauran: kowace kwalba a sa mata suna, ko da ta mai awon ce. Wanda ke wanki ma mutum ne, yana gani.

Malam bai kai ga na'urar wankin ba. A makon da aka rantsar da farar hula, yana kwance a ɗakinmu, muna jiran a ce mu taho. Rediyon maƙwabta yana ta kaɗe-kaɗe da jawabai, yara suna ihu a lungu. Bayan azahar na ga ya buɗe ido, shaƙuwar da ta dame shi ta lafa, hankalinsa ya dawo sarai. Na matsa kusa, na riƙe hannunsa da ya kumbura, na ce yau dai sai na ji.

"Malam, don girman Allah, kwalbar nan da ba ta da filasta, jinin waye?"

Ya kalli fuskata. Ya sauke ido kan yatsuna, inda rinin nan bai gama fita ba, ya shafa su da babban yatsansa. Na ga leɓensa yana motsi, na kai kunnena. Daga abin da ya raɗa mini a lokacin bai sake yi mini magana ba, sai kalmar shahada da ya yi da la'asar a hannun ƙaninsa. Abin da ya raɗa mini shi ne:

"Yalwa, zafin nan ya yi yawa. Ki je ki ƙara wa 'yar rawaya ruwa, kada ta bushe."